Karatun Makalufu a Fadar Kurmasa

Shekarar da Sarki Tunau ya rasu, ganuwar Birnin Kurmasa ba ta haɗe ba, saura ɓangaren yamma. Shekara goma sha ɗaya ana gininta. Kowane rani sai a kwaso maza daga garuruwa bakwai na ƙasar Tudu, su kwaɓa ƙasa, su yi ta ɗaukar tubali har gajimare ya taso, sannan a sallame su su koma gida shuka ta riga ta wuce su. Mutanen Tudu sun haƙura ne saboda kwarjinin Tunau. Da aka naɗa ɗansa Anaruwa, saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu, sai suka aiko da dattawansu suna roƙon a sassauta musu. Mai riƙe da Tudu kuwa, Kaura Cindo, ƙanin marigayi ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma bai zo mubaya'a ba. Ya ce sai ya ji amsar da za a ba talakawansa.

A Unguwar Maƙera akwai wani tsoho da ake kira Makalufu Bayahude, maƙerin azurfa da zinariya. Shekara talatin ke nan da ya biyo ayari ya sauka a Kurmasa, bayan fitina ta tashi a garinsu na dabino can tsakiyar Sahara, aka tarwatsa mutanensa. Bai zo da komai ba sai kayan ƙira da wasu littattafan fata masu naɗewa, rubutattu da Ibrananci, waɗanda ya gada daga kakansa. Ran Asabar ba ya taɓa zugazugi. Zama yake yi a zaurensa ya warware fata a kan gwiwa, yana bin tarihin Bani Isra'ila da yatsa: alƙalansu da sarakunansu, yaƙoƙinsu, da yadda mulki ya zo musu da yadda ya tafi. Waziri Nomau, tsohon abokin Sarki Tunau, yakan zo ya zauna a bakin ƙofa, Makalufu ya karanta, ya juya masa da Hausa, su yi ta muhawara har la'asar.

A farkon damina tsawa ta faɗa wa tsohuwar kukar ƙofar fada ta raba ta biyu. Gari ya ɗauka. Barde Mantau, sa'an sarki kuma abokin farautarsa, ya ce alama ce za a tsaga Tudu kamar yadda aka tsaga kukar. Malaman fada suka ce a yawaita sadaka. Kwana uku bayan haka sai ga manzo daga Barandami, sarkin Tumbawa na hayin Gulbin Marke, wanda ya ci ƙasashe huɗu a shekara shida. Saƙon shi ne ya ji baffan sarki ya yi tawaye, kuma a shirye yake ya kawo dawakai dubu uku ya taya ɗan abokinsa ladabtar da Tudu. Abin da yake nema kawai a bar shi ya haye mashigar Marke.

Ran Alhamis Makalufu ya kai ƙotar takobin sarki da ya gama yi wa ado. Yana durƙushe a zauren farko yana jiran Shamaki, sai manzon Tumbawa ya wuce ta gabansa, ya ɗaga hannu don gyara rawani. Hannun riga ya zame. Makalufu ya ga munduwar azurfa mai igiya uku a murɗe, da ɗan tambarin rumman a bakinta. Ba ya buƙatar duba na biyu. Shi ya ƙera ta shekara biyu da suka wuce, kuma a hannun Kaura Cindo ya sa ta da kansa.

Daga fada bai koma gida ba, ya zarce wurin Waziri. Ya gaya masa cewa Kaura ba ya kyautar abin hannunsa sai ga baƙon da ya ji daɗin saƙonsa, saboda haka wannan manzo ya biya ta Tudu kafin ya zo Kurmasa. Waziri ya ce munduwa kaɗai ba za ta juya sarki ba, sai ma ta ƙara hura shi a kan baffansa, domin kunnensa ya cika da maganar Barde. Sannan ya tuna masa wani wuri da suka karanta a rani, labarin sarkin da ya gaji ubansa aka zo masa da kuka irin wannan, ya ce gobe ya zo fada da wannan fatar.

Makalufu ya nemi a yafe masa zuwa fada. Ya ce shi baƙo ne, ba addininsu ɗaya da mutanen fada ba, shekara talatin ya zauna lafiya ne domin bai taɓa sa baki a abin da ya fi ƙarfin maƙera ba. Waziri ya ce gaskiya ne, kuma ba zai yi masa alkawarin kansa zai tsira ba. Amma in Tumbawa suka haye gulbi, babu maƙerar da za ta rage a Kurmasa balle mai ita. Makalufu ya koma gida ya daɗe a tsaye gaban akwatin littattafan. Ya riga ya ga yadda gari yake ƙonewa sau ɗaya, yana saurayi mai ƙafar gudu. Yanzu ba shi da ƙafar, ba shi kuma da wani garin.

Da hantsin Jumma'a fada ta cika. Sarki Anaruwa yana kan gado, Galadima da Madawaki a damansa, Waziri da Limami a hagunsa, Barde da Jarmai da sauran samarin yaƙi a tsaye jikin bango. Dattawan Tudu suna waje ƙarƙashin rabin kukar suna jiran amsa.

Barde ya fara magana. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Ubanka ya gina ganuwa da waɗannan mutane shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya ɗaga kai. Yau da suka ga saurayi a kan gado sun zo gwaji. In ka rage musu kwando ɗaya bana, baɗi rawaninka za su nema. A ƙara musu wata guda a kan na da, a karɓi dawakan Barandami, a kawo Kaura a ɗaure ya yi mubaya'a a wannan zaure."

Samari suka ɗaga masunsu sama. Madawaki ya ce shi dai bai taɓa jin Barandami ya shiga ƙasa ya fita da kansa ba, amma muryarsa ta nutse a cikin hayaniya. Sarki ya buɗe baki zai yanke hukunci yadda Barde ya so, sai Waziri ya nemi izini. Ya ce akwai wani tsoho a ƙofa mai ɗauke da tarihin wata al'umma da Limami ma ya san sunanta a karatunsa, Bani Isra'ila, kuma sarki ba zai yi asarar komai ba in ya saurare shi kafin azahar. Limami ya gyaɗa kai. Aka shigo da Makalufu.

Ya durƙusa, ya warware fatar. Ya fara karantawa da Ibrananci, da irin karin da kakansa ya koya masa. Fada ba ta taɓa jin wannan harshe ba. Wasu samari suka fara murmushi, amma da muryar tsohon ta daidaita sai suka daina. Ya tsaya ya juya da Hausa. Ya ce kakanninsa sun yi wani sarki mai hikima da dukiya, wanda ya gina birni da ɗakin ibada da hannun talakawansa. Da ya rasu, ƙabilun arewa suka zo wa ɗansa da roƙon sassauci. Dattawan ubansa suka ce ya tausasa musu su zama bayinsa har abada. Samarin da suka girma tare da shi suka ce ya tsananta. Ya bi samarin. A rana ɗaya ƙabila goma cikin goma sha biyu suka juya masa baya.

Barde ya taka gaba, hannunsa a kan takobi, ya ce wannan baƙo ya zo ne ya zagi sarki a gaban fadawansa da sunan karatu. Fuskar Anaruwa ta yi duhu. Ya tambayi Makalufu ko ya san abin da ake yi wa wanda ya kamanta Sarkin Kurmasa da wawa. Makalufu ya ce ya sani. Ya ce amma wancan sarki ya riga ya ba da amsarsa, wannan kuwa bai bayar ba tukuna, don haka babu kama a tsakaninsu sai in sarki ya so.

Can sai sarki ya ce ya ci gaba.

Makalufu ya naɗe fatar ya warware gaba. Ya ba da labarin yadda ƙasa ɗaya ta zama biyu, kowace da sarkinta, suka yi ta yaƙar juna tsara bayan tsara. Har wani sarkin kudu ya kwashe zinariyar ɗakin ibada ya aika wa wani babban sarki na gabas don ya zo ya buge masa 'yan'uwansa. Sarkin gabas ya zo, ya ga hanya, ya ga rijiyoyi, ya ga inda ganuwa take da rauni. Aka ci arewa, aka kora mutanenta zuwa ƙasashen da ba su dawo ba. Kudu ta ƙara wasu shekaru tana ganin ta tsira, sannan wata runduna ta biyo wannan hanya ta gabas, ta rushe ganuwa, ta ƙone ɗakin ibada, ta tafi da sarki a ɗaure.

Anaruwa ya sunkuyo. Ya ce, "To, ina ƙarshen labarin?"

Makalufu ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi nan durƙushe a gabanka. Jikan masu sarauta da birni, yana ƙera wa wasu mutane zobba a ƙasar da kakanninsa ba su taɓa jin sunanta ba. Kurmasa ta riƙe ni da mutunci, shi ya sa ba na so jikokinka su koyi sana'ata ta wannan hanya."

A nan ne Waziri ya kawo maganar munduwar. Aka kira manzon Tumbawa kamar za a ba shi kyauta, sarki ya ga azurfar da idonsa, aka sallame shi zuwa masauki. Barde ya ce ai wannan ya tabbatar Kaura maci amana ne. Waziri ya ce abin da ya tabbatar shi ne Barandami ya sayar da doki ɗaya ga mutum biyu, kuma ranar da za su zo karɓa zai same su sun riga sun kashe juna. Sarki ya sa a shigo da dattawan Tudu, ya ce musu daga bana babu wanda za a ɗauka aikin ganuwa sai bayan girbi, kuma kwana arba'in kawai, kuma mutanen birni za su ɗauki kwando tare da su. Ya ce Waziri zai raka su ya kai wa baffansa saƙo, tsohon nan ma ya tafi da fatarsa.

Kwana uku suka yi a hanya, Makalufu a kan jaki, ruwa yana dukansu, littafin a cikin burgame, wata jakar fata, a ƙirjinsa. Kaura Cindo ya karɓe su a zaurensa ba fara'a. Dogo ne, furfura ta cinye masa kai, yana da yatsa shida a hannun hagu. Ya saurari saƙon, ya ce alkawarin yaro ba ya kai kaka, kuma shi yana da aboki a hayin gulbi da ya yi masa alkawarin sarautar Tudu mai cin gashin kanta. Waziri ya gaya masa abin da wannan aboki ya aika wa Kurmasa, kalma bayan kalma. Makalufu kuma ya karanta masa rabon arewa a cikin labarin. Ya ce masu tawayen nan suna da gaskiya a kukansu, littafin kansa bai hana su ba, amma su aka fara ci, kuma a yau ko shi da yake jininsu bai san inda kabarinsu yake ba. Kaura ya dubi hannunsa inda munduwar take a da. Ya ce a gaya wa ɗan yayansa su haɗu a mashigar Marke.

Shirin da aka ƙulla mai sauƙin faɗi ne. Sarki ya amsa wa Barandami da to, Kaura ma ya amsa masa da to, kowa ya sa masa rana ɗaya. Rundunonin biyu za su ja daga a fili kusa da mashiga, su yi kamar sun gwabza, har Tumbawa su shigo ruwa.

Ran Talata da hantsi Makalufu da Waziri suka hau wani tsauni da ke kallon filin. Gulbi ya ƙaru da ruwan kwana biyu, ya yi ja. A hayi Tumbawa sun cika gaɓa, laimar Barandami a tsakiyarsu. Aka buga tambura, Kurmasa da Tudu suka taho suka haɗu, garkuwa tana dukan garkuwa, ihu ya tashi. Barandami bai motsa ba. Tsohon mayaƙi ne, yana jiran ya ga gawa.

Rana ta ɗaga, wasan ya yi tsawo, kuma a cikin mutanen nan akwai masu tsohon haushi. Makalufu ya ga wani mutumin Tudu ya faɗi bai tashi ba. Ya ga 'yan'uwansa sun juya masunsu, tsini gaba. Wani barden Kurmasa ya zube daga kan doki. Gefen hagu ya rikice, yaƙin ƙarya ya fara zama na gaske. Makalufu ya zauna a kan dutse yana addu'a da harshen kakanninsa. Sai ya hangi Kaura Cindo ya cire kwalkwali, furfurarsa a fili, ya sako doki tsakanin sahu biyu yana kiran mutanensa da sunayen iyayensu. Daga ɗaya ɓangaren Anaruwa ya fito shi ma, ba garkuwa, ya tare gaban nasa. Daga hayi abin ya yi kama da sarki da baffansa sun fito su kashe juna. Barandami ya ga gawawwaki a ƙasa, ya ga shugabanni biyu a tsakiyar rikici. Laimarsa ta gangaro cikin ruwa.

Aka bar su har rabi suka haye, saura suna tsakiyar gulbi ruwa a ƙirjin dawakai. Sannan kakakin Kurmasa ya yi kuka, ƙahon Tudu ya amsa. Sahu biyu suka juya kamar mutum ɗaya. Maharban Tudu suka miƙe daga cikin ciyawar gaɓa, kibau suka rufe mashigar. Waɗanda suka haye ba su sami filin jan daga ba, na cikin ruwa ba su iya gaba ba su iya baya, dawakai suna hawa kan juna, igiyar ruwa tana kwasar duk wanda ya zame. Barde Mantau, wanda ya fi kowa son zuwan Tumbawa, shi ya fara kutsawa cikinsu. Aka sare shi a kafaɗa bai tsaya ba har ya kai ga laimar, ya kama linzamin Barandami ya jawo shi cikin laka. Kafin azahar tamburan Tumbawa goma sha biyu suna hannun Kurmasa, kuma sarkin da ya ci ƙasashe huɗu yana zaune a ƙasa da igiya a wuya.

Waziri ya riƙo hannun Makalufu suka gangara. Suka tarar da Anaruwa ƙarƙashin wani marke, ana cire masa kibiya daga cinya. Kaura ya iso zai sauka ya yi mubaya'a, sarki ya ture mai magani ya miƙe da ƙafa ɗaya, ya riga shi sunkuyawa, ya ce, "Baffa, ka yafe mini jinkirin." Kaura ya rungume shi a gaban rundunonin biyu. Mutum goma sha tara suka mutu a rikicin gefen hagu, na Tudu da na birni, sarki ya ce a binne su wuri ɗaya. Kafin la'asar sai ga mahaya daga biyu cikin ƙasashen da Barandami ya ci, waɗanda aka tilasta wa biyo shi, sun ajiye makamai suna neman a karɓe su ƙarƙashin Kurmasa.

Sarki ya sa aka kawo Makalufu gabansa. Ya yafa masa alkyabbarsa, ya ce daga yau shi ne Sarkin Tarihi, zai zauna a fada kusa da Waziri, kuma aikinsa na farko shi ne ya rubuta abin da ya faru a Marke don jikoki su karanta.

Makalufu ya yi godiya, amma bai tashi ba. Ya ce akwai abu ɗaya da ya kamata sarki ya sani kafin ya ba shi alƙalami. Marubutan kakanninsa ba su ɓoye laifin sarakunansu ba, har na waɗanda suka fi ƙauna, kuma shi a hannunsu ya koyi rubutu. In ya rubuta Marke, zai rubuta cewa ran Jumma'a da hantsi Sarkin Kurmasa ya buɗe baki zai kira Tumbawa su ci baffansa. Zai kuma rubuta sunayen goma sha taran nan da yadda suka mutu.

Fadawa suka dubi juna. Barde, yana kwance ana ɗaure masa kafaɗa, ya kau da kai. Anaruwa ya dubi gulbi, inda har yanzu ruwa yake wucewa da garkuwoyin Tumbawa, sannan ya dubi tsohon.

Ya ce, "Da wannan za ka fara. Nasarar ta biyo baya."